Yadda Ake Hango Buri a Zuci Har Ya Zama Aikin Gobe da Safe

Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a cikin garin Gombe, kuma ni aka ɗora wa ba ɗalibai shawara kan karatu da abin da za su kama bayan sun gama. Saboda haka kunnena ya saba da jin buri. Wannan likita take so ta zama, wancan shagon gyaran waya yake so ya buɗe, wata kuma so take ta haddace Alƙur'ani kafin a kai ta ɗakinta. Iyayen ma idan sun zo sukan faɗi nasu: fili a Tumfure, kujerar Makka, injin ban ruwa don noman rani a Dadin Kowa. Duka buri ne na kirki. Abin da ke ci mini rai shi ne kusan kowa ya iya ganin ƙarshen abin tar da idon zuci, amma da na ce, "To gobe da safe me za ka yi saboda shi?" sai wuri ya yi tsit.

Idon zucin nan baiwa ce daga Allah, kuma yana aiki sosai idan an san inda za a juya shi. Hanyar da nake koya wa yarana ita ce: ka leƙa ƙarshen abin kaɗan, sannan ka daɗe kana kallon aikin da kuma abin da zai tare ka, ka tashi daga zaman da alƙawari ɗaya mai lokaci da wuri.

Kafin in shiga bayani, akwai wata magana da ta cika wayoyin yaranmu wadda nake so in kawar. Za ka ga bidiyo a TikTok ko Facebook ana cewa ka rufe ido ka ga kanka cikin mota, ka ji ƙamshin kujerunta, wai tunaninka zai jawo ta zuwa ƙofar gidanku. Ban yarda da wannan ba, kuma ina jin zafin yadda yake cutar da yara masu ƙwazo. Tunani ba ya jawo arziki. Mai bayarwa Allah ne, namu shi ne nema. A suratul Kahfi, aya ta 23 da 24, an hana mu cewa za mu aikata abu gobe ba tare da in sha Allahu ba. Shi kuma Balaraben da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Duk abin da zan faɗa nan gaba bai wuce ɗaure raƙuma ba.

Masu binciken halayyar ɗan'adam ma sun gwada wannan mafarkin ido biyu, ba su same shi da amfani ba. Akwai wata malama 'yar ƙasar Jamus da ke koyarwa a Amurka, Gabriele Oettingen, wadda ta shafe shekaru tana bin wannan batu. A wani bincike da ta fitar a 2002 ita da abokin aikinta, sun bi ɗaliban da ke gab da gama jami'a. Bayan shekara biyu, waɗanda suka fi nutsewa cikin daɗin tunanin sun sami aiki su ne suka fi ƙarancin tura takardun neman aiki, suka fi ƙarancin samun kira, albashinsu ma ya fi ƙanƙanta. Dalilin da ta gano mai sauƙin fahimta ne. Idan zuciya ta sha daɗin abin a tunani, jiki yana sakewa kamar an riga an isa, ƙarfin tashi a nema sai ya ragu. Amma ta raba wannan da ƙarfin gwiwar da mutum ke samu daga abin da ya taɓa yi ya ci nasara. Shi wannan yana taimakawa.

Binciken da na fi karanta wa ɗalibai kuwa na 1999 ne, wanda Lien Pham da Shelley Taylor suka yi a wata jami'a a Kalifoniya. Saura kwana 5 zuwa 7 jarrabawa, suka ce wa wasu ɗalibai su ɗauki 'yan mintoci kullum su hango kansu sun ci babban maki suna murna. Wasu kuma aka ce su hango kansu suna karatun: ina suke zaune, ƙarfe nawa, wane babi, yadda suke kawar da abin da zai raba musu hankali. Waɗanda suka hango karatun sun fi daɗewa a kan littafi, sun fi cin maki. Masu hango murnar ba su ƙaru da komai ba.

Fara da buri ɗaya, ka yi masa lissafi

Taura biyu ba ta taunuwa. Ka zauna da takarda ka rubuta duk abin da kake so, kada ka ji kunyar kowanne. Sannan ka zaɓi ɗaya tak da za ka ba wa watannin nan. Sauran ba su mutu ba, layi suke bi. Wanda za ka zaɓa ya cika sharaɗi biyu: yana da wuya amma bai fi ƙarfinka ba, kuma mafi yawansa a hannunka yake. "A ba ni aikin gwamnati" ba a hannunka yake ba. "In kammala takarduna, in koyi kwamfuta, in tura neman aiki wuri biyu kowane mako" a hannunka yake.

Sai lissafi, wanda shi ne mutane suka fi gudu. Buri in ba a sa masa lamba ba, ido ba ya samun inda zai tsaya. Mai son hadda ya ɗauko mus'hafin bugun Madina, shafi 604 ne, kowane shafi layi 15. Shafi ɗaya kullum zai kai shi kusan shekara ɗaya da wata takwas, in babu fashi, kuma ban da lokacin tilawar baya. Rabin shafi kuwa shekara uku da 'yan watanni. Yanzu burin ya sauko daga sama ya zama layi bakwai ko takwas na gobe da asuba. Mai son keken ɗinki ta je babbar kasuwa ta tambayi farashi da bakinta, kada ta tsaya a kan "na ji an ce". A ce an gaya mata naira dubu 150. Idan tana iya zubin dubu 5 duk mako, mako 30 ke nan. Ta ƙirga a kalanda ta ga watan da zai faɗa, ta kuma ƙara wani abu a kai domin farashi a ƙasar nan ba ya jiran kowa.

Duk lokacin da lissafinka ya ba ka, ka ƙara masa rabinsa. A 1994 wasu masu bincike a Kanada sun tambayi ɗaliban ajin ƙarshe kwana nawa zai ɗauke su su gama kundin digirinsu. Matsakaicin abin da suka faɗa kusan kwana 34 ne. Abin da ya ɗauke su a zahiri ya haura kwana 55. Ba ƙarya suka yi ba. Mutum idan yana tsara gaba, lafiyayyen mako yake gani, babu zazzaɓi, babu rasuwa a dangi, babu biki a Kumo da dole a je.

Zaman kansa

Ka nemi lokacin da gida bai tashi ba ko ya lafa. Ni na fi son bayan sallar asuba da azkar, kafin a fara neman ruwan wanka da kokon yara. Mai shago yana iya yi da zarar ya buɗe ya share, kafin mai saye na farko. Minti biyar zuwa goma ya isa. A zaune za ka yi, ba a kwance ba, kuma ba daf da barci ba, don kwanciya ita ce ke mayar da abin saƙa da warwara. Waya ta yi nesa. Takarda da biro su kasance kusa.

Da farko ka ga ƙarshen abin, na minti ɗaya kacal. Kada ka ga taron jama'a suna tafi. Ka nemi abu ɗaya da zai canza a rayuwarka ranar da abin ya tabbata. Ga mai keken ɗinki, wataƙila shi ne ranar da aka ce a kawo kuɗin littafi a Islamiyya ta buɗe jakarta ta bayar ba ta jira kowa ba. Ka tsaya a nan har ka ji abin a ƙirjinka. Wannan mintin shi ke tuna maka dalilin wahalar. In ya wuce haka sai ya fara cinye ƙarfin da za ka yi aikin da shi.

Daga nan ka juya ka tambayi kanka: mene ne a cikina zai hana ni? Ka lura na ce a cikinka. Tsadar rayuwa gaskiya ce, ɗauke wuta gaskiya ne, amma in ka tsaya a kansu zaman zai ƙare da tsaki kawai. Ka tona har ka taɓo naka. Wata ƙanwata da ke son komawa karatu ta ce mini, "Adda, matsalata rashin lokaci ne, yara ba sa bari." Na ce ta rufe ido ta bi daren jiya tun daga sallar isha'i. Ta yi shiru can, sai ta ce, "Adda, yara ƙarfe tara suka yi barci. Ni ce na kai sha biyu a kan waya." Da ta ga wannan da idonta, ba ni na faɗa mata ba, sai hanya ta buɗe. Abin da ke tare mutum yawanci ƙarami ne kuma yana da sa'arsa: kunyar ce wa ƙawa ba ni da shi, komawa barci bayan asuba, zaman majalisa da aka je don minti goma, tsoron lissafi da ke sa a riƙa ɗaga shi zuwa gobe. Ka gan shi a inda yake faruwa. Wane ɗaki ne, wa ke wurin, me aka ce maka, me hannunka ya ɗauka.

Wannan jeri, wato daɗin ƙarshe tukuna sannan abin da ke tarewa, shi ne zuciyar hanyar da Oettingen ta tsara, kuma ta nuna cewa in aka juya jerin abin ba ya yin tasiri haka. Akwai wata fa'ida da na gani da idona a ciki: wani lokaci mutum yana kallon abin da ke tare shi sai ya gane burin nan ba nasa ba ne, ko ba na bana ba ne. Na sha ganin yarinyar da take cewa likita, da muka zauna ta hango kanta a ɗakin tiyata sai ta ga ba ta son wurin ko kaɗan, Baffa ne yake so. Ajiye buri bayan an kalle shi da kyau ba gazawa ba ce.

Sai ɓangaren da ya fi kowanne tsawo, wato kallon aikin. Tela kafin ta sa almakashi a shadda ba rigar da aka gama kawai take gani ba. Tana ganin inda za ta ninke, inda alli zai bi, wane yanki zai zama hannu, abin da zai ragu na wuya. Haka za ka bi aikin gobe, daki-daki, daga cikin idonka kana yi, ba kamar kana kallon wani a talabijin ba.

Bari in yi shi da mai shirin JAMB, wato jarrabawar neman shiga jami'a, tunda shi na fi yi. Yaro ya ce mini yana son maki 250 cikin 400. Na ce madalla, yanzu rufe ido. An idar da asuba, ka dawo daga masallaci, sanyin hunturu yana shiga ta ƙasan ƙofa. Ina za ka zauna? Ya ce a zaure. A kan me? Tabarma. Akwai haske? In babu wuta fa? Ya ce fitilar caji. Wa zai yi cajinta, yaushe? Nan ya buɗe ido, domin bai taɓa tunanin fitilar ba. Muka koma. Wane littafi ne a hannunka? Tambayoyin baya na kimiyyar sinadarai. Wace shekara? Tambaya nawa kafin a aike ka sayen ƙosai? Ka kai ta bakwai, ba ka gane ta ba, me za ka yi? Ya ce zai yi mata alama ya wuce, ya kawo wa malami a makaranta. Wannan duka bai kai minti huɗu ba, amma yanzu gobensa tana da ƙafafu.

Idan ranar jarrabawa ta matso sai mu hango ita kanta. Tambaya 180 ce cikin awa 2, Turanci 60, sauran darussa uku 40-40, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya in aka raba daidai. A kwamfuta ake yi. Yaron da ya taso a Dukku ko Nafada bai taɓa zama gaban allon ba zai iya ɓata minti goma yana rawar hannu. Saboda haka nake sa su ga layi a ƙofar cibiyar, ɗaukar zanen yatsa, neman kujera, agogon da ke raguwa a saman allo, danna A, B, C ko D, danna N a ci gaba, P a koma baya. Su ga tambaya ta farko ta zo da wuya, zuciya ta buga, su ja numfashi, su tsallake ta. Amma ina ƙara musu da cewa lallai su je su taɓa kwamfutar da hannunsu, ko a shagon intanet ko a jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa. A 1995 wani masanin ƙwaƙwalwa, Alvaro Pascual-Leone, ya sa wasu mutane su koyi wani ɗan kiɗa na yatsu biyar a fiyano, awa 2 kullum har kwana 5, wasu kuma su yi shi a zuci kawai. Ƙwaƙwalwar masu yi a zuci ta nuna irin canjin da ta masu taɓawa ta nuna, abin mamaki. Sai dai wajen bugawa ba su kamo masu taɓawa ba, sai da su ma suka zauna suka taɓa. Hange yana share wa hannu hanya ne, ba ya maye gurbinsa.

Mai zubin keken ɗinki nata kallon daban ne. Aikinta ba shi da wuya, riƙe kuɗin ne da wuya. Ita sai ta ga ranar zubi: ta sayar da zoɓo da kunun aya, kuɗi suna cikin ɗan gwangwani, uwar adashi za ta aiko da la'asar. Ta ga ƙawarta ta shigo da atamfar anko, an ce bikin saura mako biyu, kowa ya fitar. Ta ji nauyin da ke sauko mata a baki. A nan za ta tsaya ta shirya kalmomin da za ta faɗa, ta faɗe su a zuci har su zauna mata a harshe: "Wallahi na so, amma kuɗina suna da inda za su. Zan zo da wadda nake da ita." Wanda bai taɓa furta "a'a" a zuci ba, da wuya ya iya furta ta a gaban mutum.

Ina amfani da wannan sosai wajen magana mai nauyi. Matar aure da ke son komawa makaranta, ko ta koyon jinya ko ta horon malamai, sau da yawa ba karatun ne ke ba ta tsoro ba, yadda za ta tunkari maigida ne. Nakan ce ta zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ba yana shigowa daga kasuwa da gajiya ba. Ta hango yadda za ta fara, cikin ladabi. Sannan ta hango tambayoyinsa na gaskiya, domin zai yi su kuma yana da haƙƙin yin su: wa zai kula da yara, abincin rana fa, nawa ne kuɗin, wa zai kai ki. Kowace tambaya ta nemo mata amsa kafin ranar. Ta yi magana da Goggo kan yara, ta samo adadin kuɗin rajista a rubuce. Ta kuma hango ya ce "bari in yi tunani", ta ga kanta ta ce "to, Allah ya zaɓa mana mafi alheri" ba ta ɓata fuska ba. Na ga maganganu da yawa sun lalace ba don mijin ya ƙi ba, sai don an zo masa da buri babu shiri.

Ƙulla shi da "idan"

Kada ka tashi daga zaman sai ka rubuta jimla ɗaya mai wannan siffa: idan kaza ya faru, to zan yi kaza. "Idan na sallame asuba, to zan ɗauki mus'hafi kafin in taɓa waya." "Idan yara suka yi barci, to zan kai wayata ɗakin girki in sa a caji in dawo kan littafi." "Idan aka biya ni kuɗin aiki, to zan cire na zubi kafin in shiga gida." Wanda ya yi fice a binciken wannan dabara shi ne Peter Gollwitzer. A wani gwaji da aka buga a 1997, an roƙi ɗalibai a Jamus su rubuta rahoton yadda suka yi jajiberin Kirsimeti cikin kwana 2 bayansa. An sa rabinsu su faɗi takamaiman lokaci da wurin da za su rubuta. Cikin waɗannan, kashi 71 cikin 100 sun rubuta a kan lokaci. Cikin sauran, kashi 32 ne kawai. Niyyarsu ɗaya, bambancin kawai wasu sun riga sun yanke yaushe da ina.

Mu a nan muna da sa'a da wannan, domin ranarmu a yanke take da salloli biyar. "Ƙarfe huɗu" yana iya wucewa ba ka sani ba, "bayan la'asar" ba ya ɓacewa. Ka rataya aikinka a jikin abin da ba ka fashinsa. 'Yan'uwanmu Kirista da nake koyarwa, daga Billiri da Kaltungo da cikin gari, sukan rataya nasu a addu'ar safe ko dawowa daga coci, kuma yana yi musu daidai.

Jimlar ta zama ƙarama. Aikin da aka fi so a wurin Allah shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, haka ya zo a Bukhari da Muslim. Wanda ya rubuta "zan yi karatun awa biyar kullum" ranar Laraba zai daina. Wanda ya rubuta tambaya goma zai kai watan gobe, kuma sau da yawa in ya zauna yakan wuce goman.

Wasu za su ce sun rufe ido ba su ga komai ba sai duhu. Ba laifinsu ba ne. A 2015 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, Adam Zeman, ya yi bayanin mutanen da haka Allah ya halicce su, ba sa ganin hoto a zuci, kuma lafiyarsu ƙalau. In kana cikinsu, ka faɗi matakan da baki a hankali, ko ka rubuta su kamar kana ba wani labarin gobenka. Wasu kuma da zarar sun fara kallon abin da zai tare su sai ƙirji ya ɗau bugu, tunani ya ƙi tsayawa, barci ya ƙaurace. In haka ta faru, ka tsallake wannan ɓangaren ka tsaya a kan aikin gobe kaɗai. In damuwar ta daɗe tana hana ka ci da barci, ka je asibiti ka ga likita. Wannan ya wuce abin da zaman minti goma zai gyara.

Batun faɗa wa mutane kuma, shawarata ka rage. Shi Gollwitzer ɗin ya nuna a 2009 cewa ɗaliban da aka san da burinsu na zama wani abu sun fi saurin sassauta ƙoƙari, domin jin an san su da abin ya riga ya ba su ɗan daɗin isa. Kada ka ɗora a WhatsApp. Ka zaɓi mutum ɗaya wanda zai iya tambayarka ba tare da kunya ba, Hamma ko Adda ko malaminka na Islamiyya, ka faɗa masa aikin mako, ba babban burin ba. Ka roƙe shi ya tambaye ka ranar Juma'a.

Ranar Juma'ar nan ita ce ranar duba takarda. Kwana nawa aka yi, kwana nawa aka fasa, rubuta gaskiya. Inda aka fasa kada ka tsaya zagin kanka, ka koma wurin da idon zuci ka ga abin da ya faru daidai lokacin. Sau da yawa za ka tarar abin da ka zata shi ne zai tare ka ba shi ba ne, wani ne daban, sai ka sake jimlar "idan" ta dace da shi. Yanayi ma yana canza tsari. Zauren da ya yi daɗin karatu a watan Janairu ba ya zaunuwa a zafin Maris da Afrilu na Gombe, sai a koma tsakar gida kafin rana ta fito. Da damina ta kankama, yaron da ake tafiya da shi gona ba shi da safiya, sai a mayar da karatunsa bayan magariba. Watan azumi kuwa yana bukatar tsarinsa tun daga Sha'aban.

Akwai kuma abubuwan da ake hangowa tun da nisa domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai JAMB ya duba lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, tun kafin a buɗe rajista, ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da na takardun makaranta, domin gyaran yana cin makonni. Ya san kwas ɗin da yake so a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere yana bukatar waɗanne darussa huɗu, da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Mai sayen fili ya hango ranar biya: wa zai zama shaida, an je wurin mai unguwa, an ga takardun asali, an auna a gabansa. Mai noman rani ya hango ranar da injin zai ƙi tashi shinkafa tana tsakiyar bukatar ruwa, ya san makanikin da zai kira da inda kuɗin gyaran zai fito. Irin waɗannan sai ka ware musu zama na musamman sau ɗaya a wata, ka rubuta su a shafi daban, kowanne da ranar da za ka gama da shi.